Takobin da aka ce na wani kyaftin ne na yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka, in saya ko in haƙura?

Baƙon_Pennsylvania:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin tsofaffin kaya da masana tarihi ku taimaka min da shawara. Akwai wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyata a nan Pennsylvania, 'ya'yanta za su maida ita gidan kula da tsofaffi, to ana ta kwashe kayan gidan ana sayarwa, a cikin kayan ne aka fito da wani tsohon takobi naɗe cikin bargo. Tsohuwar ta ce na kakan kakan kakan mijinta ne, wai kyaftin ne a yaƙin da Amurkawa suka yi da Ingila na ƙwatar 'yanci, kuma wai da wannan takobin ya halarci yaƙin Saratoga a 1777.

Ga yadda yake. Ruwan takobin yana da ɗan lanƙwasa, kusan rabinsa daga wajen mariƙi shuɗi ne mai duhu da zanen ruwan zinare, an zana mikiya ta buɗe fukafukai da garkuwa a ƙirjinta, sama da ita an rubuta E Pluribus Unum, can ƙasa kuma akwai kalma ɗaya Warranted. Ƙarshen mariƙin kan mikiya ne na tagulla, inda ake riƙewa kuma fari ne ya koma kalar madara, yana da tsage-tsage, su dai sun ce hauren giwa ne. Kuben na fata ne baƙi ya karye gida biyu, amma a bakin kuben akwai tagulla an sassaƙa sunan mutumin da Capt. a gaba sai 1777 a ƙasa.

Surukin tsohuwar shi ke cinikin, ya ce dala 4,500 kuma wai don ni maƙwabci ne, in ya kai gidan gwanjo sai ya ninka haka. Ni kuma wallahi abin ya shiga raina amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ta ya zan gane ko da gaske na wancan zamanin ne? Kuma in na saya da me ake goge shi, don akwai tsatsa kaɗan wajen tsinin.

Na_Gefe:

Wa'alaikumussalam. Malam kai kuwa me za ka yi da takobi a Amurka, yaƙi za ka? Dala dubu huɗu da ɗari biyar fa! Ni dai ban san komai a harkar ba amma duk mai sayarwan da ya fara da "don kai ne" to ka riƙe aljihunka da kyau.

Mai_Tsohon_Ƙarfe:

Ɗan uwa tun kafin in gama karanta bayaninka na ga inda gizo ke saƙa. Takobin nan a yadda ka siffanta shi tsoho ne na gaske, ba na jin jabu ne, amma bai je Saratoga ba, ba zai ma yiwu ba. Dalili kuwa yana jikin ruwan takobin. Wannan mikiya mai garkuwa a ƙirji da rubutun E Pluribus Unum ai babban hatimin Amurka ne, kuma majalisarsu ba ta amince da shi ba sai ranar 20 ga Yuni 1782. Janar Burgoyne na Ingila ya miƙa wuya ga Janar Gates na Amurka a Saratoga ranar 17 ga Oktoba 1777, kusan shekara biyar kafin nan ke nan. Ko yaƙin Yorktown da ya karya lagon Turawan Ingila an gama shi a Oktoban 1781. To wane maƙeri ne zai zana hatimin da ba a ƙirƙiro shi ba tukuna?

Na biyu shi kansa fasalin. Takubba masu kan mikiya da ruwa shuɗi da zinare yayinsu ya kankama ne daga wajen 1790 da wani abu har zuwa wajen 1840, kuma an fi ganin su a hannun hafsoshin zamanin yaƙin 1812. Abin da ya sa suka yi yawa, a 1792 an yi dokar mayaƙan sa-kai ta ƙasa wadda ta ce kowane hafsa sai ya tanadi takobinsa, kuma da kuɗin aljihunsa, to kowace ƙaramar hukuma tana da kyaftin-kyaftin da manjo-manjo birjik, manoma ne da 'yan kasuwa da lauyoyi, ana fita fareti lokaci-lokaci, kowa yana son a gan shi da abu mai ƙyalli. 'Yan kasuwa suka ga kasuwa ta buɗe sai suka riƙa odar ruwan takobi daga Birmingham ta Ingila da Solingen ta Jamus, a can ake zana musu mikiyar Amurkan a aiko, wani lokaci da mariƙinsa gaba ɗaya, wani lokaci kuma a Philadelphia ko New York ko Baltimore ake haɗa mariƙin. Wannan Warranted ɗin da ka gani kuwa an fi samun sa a kan na Ingila, alama ce ta cewa maƙerin ya tsaya wa ingancin ƙarfensa. Abin dariyar shi ne da yawa daga hafsoshin da suka fita yaƙar Ingila a 1812 da takobin Ingila a ƙugunsu suka fita.

Su kuwa hafsoshin zamanin 1775 zuwa 1783 abin da suke ratayawa daban ne. Akwai siririn takobi miƙaƙƙe mai tsini na manyan mutane, na suka ne ba na sara ba, sau da yawa mariƙin azurfa, in na Landan ne za ka ga tambarin zaki da kan damisa da harafi ɗaya wanda shi ke nuna shekarar da aka yi shi. Akwai gajeren takobi irin na mafarauta, wanda shi George Washington ya fi amfani da shi a fagen fama, nasa wani maƙeri John Bailey ne ya yi shi a Fishkill ta jihar New York, mutumin asalinsa ɗan Sheffield ne, mariƙin hauren giwa ne da aka rina kore aka naɗe da azurfa, yana nan yanzu a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington kowa na iya zuwa ya gani kyauta. Sai manyan takubban mahaya dawaki, masu nauyi marasa ado. Kawunan mariƙi a lokacin an fi yin na zaki ko na kare, akwai na tsuntsu jefi-jefi amma ba wannan mikiyar mai hatimi ba. Kai a sansanin Valley Forge ma Washington umarni ya bayar hafsoshin ƙasa su riƙa riƙe gajeren mashi, don a ganinsa hafsa in ya shagala da ɗura bindiga ya bar kula da mutanensa.

Don haka in surukin nan yana ɗora farashi a kan Saratoga ne to cinikin biri a sama yake so ku yi. Takobi mai kan mikiya wanda ba a san mai shi ba, da karyayyen kube, ba ya kai wannan kuɗin sai in shuɗinsa da zinarensa sun fita tsaf ƙwarai ko kuma wani sanannen maƙeri ne ya sa hannu a kai.

Anti_Mai_Takardu:

Na yarda da Malam na sama ɗari bisa ɗari, sai dai ni ta ɓangaren takardu zan zo. A wannan harkar ƙarfen da kuɗinsa, sunan da ke kai ma da nasa kuɗin, kuma sau da yawa sunan ya fi ƙarfen tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ma ake samun masu sayen tsohon takobi na gaske su sassaƙa masa suna daga baya. Kai da kake da cikakken suna a hannu ai aikinka ya zo da sauƙi ƙanena.

Ka fara da takardun fansho. A 1818 majalisa ta yi dokar biyan fansho ga tsofaffin sojojin yaƙin 'yanci da ke cikin talauci, a 1832 aka faɗaɗa ta ta haɗa da mayaƙan sa-kai da suka yi aƙalla wata shida. Duk mai nema sai ya je gaban kotu ya rantse ya faɗi rundunarsa da sunan kwamandansa da yaƙe-yaƙen da ya halarta, wasu har shafin littafin ibadarsu na gida da aka rubuta ranakun aure da haihuwa suke yagowa su haɗa, waɗannan fayil-fayil suna nan a ma'adanar takardu ta ƙasa kuma an ɗora su a intanet. Sai dai in ba ka samu sunansa ba kar ka yanke hukunci nan take, don gobara ta cinye takardun ma'aikatar yaƙi a Nuwamban 1800, an yi asarar da yawa na farko-farko, kuma wanda ya mutu kafin 1818 ko mai hali ne ba lallai ya nema ba.

Sai kotun ƙaramar hukumar da ya mutu. A zamanin in mutum ya rasu ana tura mutane su lissafa duk abin da ya bari, ɗaki-ɗaki, har cokali da tukunya, kowanne da ƙimarsa. In ka ga an rubuta takobi ɗaya a lissafin, ko a wasiyya ya ce na bar wa ɗana wane takobina, to ka samu igiyar farko, daga nan sai ka bi ta hannu zuwa hannu har ta iso kan mijin tsohuwar nan. In igiyar ta tsinke na shekara ɗari a tsakiya to labari kawai kake da shi. Kuma ka tambayi ita tsohuwar da kanta tun tana kusa, ba surukin ba, ko akwai tsofaffin wasiƙu ko hoto da takobin ke rataye a bango, irin waɗannan su ake fara zubarwa a shara ranar kwashe gida.

Baƙon_Pennsylvania:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Malam Mai_Tsohon_Ƙarfe na koma na duba da tocila, a gadon bayan ruwan babu sunan maƙeri ko na gari, babu kuma wani tambari a mariƙin. Anti na gwada binciken sunan, na ga mutum biyu masu suna iri ɗaya sak a ƙaramar hukuma ɗaya, da alama uba da ɗa ne, an haifi uban a 1750 da wani abu, ɗan kuma bayan an gama yaƙin. Da na yi wa surukin maganar 1782 sai ya ɗan sha mur ya ce shi dai abin da dangi suka faɗa ke nan.

Ɗan_Tarihi:

To ai ga amsarka nan, uba da ɗa masu suna ɗaya, wannan shi ne abin da ya fi rikita irin waɗannan labaran na gado. Kuma kar ka ga laifin mutanen, ko takubban manya da ke gidajen tarihi ba su tsira daga ƙarin gishiri ba.

Ɗauki Washington kansa. A wasiyyarsa ta 1799 ya bar wa 'ya'yan 'yan uwansa maza su biyar takobi ɗai-ɗai, da sharaɗin kar su zare su don zubar da jini sai don kare kai ko kare ƙasa da haƙƙinta. Wannan a rubuce yake ba gardama. Amma ɗaya daga cikin takubban sai labari ya bi shi wai Sarki Frederick Mai Girma na Prussia ne ya aiko masa da shi kyauta, kuma har yau ba a samu wata takarda da ta tabbatar da haka ba. Labarin ya yi ƙarfin da a Oktoban 1859, lokacin da John Brown mai yaƙi da bautar da bayi ya kai hari ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry, sai da ya tura mutanensa gidan Lewis Washington, wani jikan dangin, suka kamo shi suka ɗauko takobin, shi Brown ya rataya shi a lokacin da aka yi musu ƙawanya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa ma shi ne na Laftanar Presley O'Bannon. A 1805 Amurka na yaƙi da Yusuf Karamanli mai mulkin Turabulus, sai wakilin Amurka William Eaton ya nemo Hamet ɗan uwan Yusuf, wanda shi Yusuf ɗin ya ƙwace wa sarauta, suka taso daga wajen Iskandariya ta Masar da sojojin haya 'yan ɗaruruwa, Larabawa da Girkawa, da sojojin Marin, wato rundunar Amurka mai sauka yaƙi daga jiragen ruwa, guda takwas kacal har da shi O'Bannon, suka keta hamada wajen mil 500, ranar 27 ga Afrilu suka ci garin Darna da taimakon jiragen ruwan yaƙi. Labarin da ake koya wa kowane sabon sojan Marin shi ne wai Hamet ya zare takobinsa irin na Mamluk, wato tsofaffin mayaƙan Masar, ya ba O'Bannon, wai daga nan hafsoshinsu suka samo takobin da suke ratayawa har gobe. Abin da aka tabbatar dai shi ne jihar Virginia ta ba shi takobin girmamawa, kuma a 1825 kwamandan sojojin Marin Archibald Henderson ya maida samfurin Mamluk na hukuma, an ajiye shi a 1859 aka dawo da shi a 1875. Masana tarihi da dama suna ganin yayi ne kawai, don tun da Napoleon ya shiga Masar a 1798 hafsoshin Faransa da na Ingila suka rungumi irin wannan takobin, janar-janar na Ingila ma a 1831 suka maida shi nasu. Shi kuwa Hamet bawan Allah ana cikin murnar cin Darna Amurka ta yi sulhu da Yusuf ta biya dala 60,000 aka sako mata fursunoninta, aka kwashe shi a jirgi cikin dare, sarautar da ke nan bai samu ba.

To in rundunar soja guda za ta riƙe labarin da ake tababa a kansa shekara ɗari biyu, ina ga tsohuwa da bargonta.

Alhajin_Baltimore:

Ni zan ɗan saɓa da ku kaɗan. Kowa ya karkata wajen cewa labarin ƙarya ne, amma akwai hanyar da takobin zai zama na uban kuma 1777 ɗin ta zama gaskiya. Wanda aka haifa a 1750 da wani abu ai a 1800 bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, da yawansu bayan yaƙin sun ci gaba da zama hafsoshin sa-kai a garuruwansu, ba abin mamaki ba ne ya sayi sabon takobi na yayi ya sa a rubuta shekarar da aka ba shi muƙamin kyaftin ko shekarar yaƙin da yake alfahari da shi. Takobin bai je Saratoga ba amma mai shi ya je, kun ga ai da bambanci. Ko kuma jikoki ne suka sa aka rubuta a wajen 1876 lokacin bikin cika shekara ɗari da ayyana 'yancin Amurka, a lokacin kowane gida sai da ya tono kayan kakanni.

Abin da zai raba gardama shi ne sassaƙar kanta. Ka samu gilashin ƙara girma ka duba cikin haruffan. Tsohuwar sassaƙa ta hannu za ka ga layin yana yin kauri yana sirancewa, gefunan sun lallashe saboda shafar hannu, cikin ramin kuma ya yi baƙi daidai da sauran lungunan tagullar. In ka ga cikin harafin yana ƙyalli, ko zurfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ko harafi ya hau kan wani tsohon ƙarzani ya yanke shi, to daga baya aka yi. Sannan ka lura a kan kube sunan yake ba a kan takobin ba, kube kuwa ana musanya shi, ka gwada ka ga lanƙwasarsa da tsawonsa sun yi daidai da ruwan, duk da dai fata tana ɗan motsewa in ta tsufa. Ka duba saman kan mikiyar ma, inda wutsiyar ƙarfen ta fito aka dake ta, in wajen ya yi baƙi sumul to ba a taɓa kwance shi ba, in da sabon sawun guduma to wani ya taɓa cire mariƙin.

Ni a wurinka zan ce masa mu kai wa mai ƙiyasta farashin tsofaffin makamai, wanda ba shi zai saya ba, mu raba kuɗin aikinsa. In ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Mai_Tsohon_Ƙarfe:

Alhaji maganarka haka take, na karɓa, amma ko a hakan farashin na hafsan sa-kai ne na wajen 1800 ba na takobin fagen Saratoga ba.

Sai maganar gogewa da ba wanda ya amsa masa. Don girman Allah ɗan uwa ko ka saya ko ba ka saya ba ka gaya musu kar wanda ya kusance shi da samfefa ko Brasso ko soson ƙarfe. Shuɗin nan ba fenti ba ne, da wuta aka gasa ƙarfen har ya canza kala, zinaren kuma da ruwan zaiba aka kwaɓa shi aka shafa aka ƙona zaibar ta tashi, dukansu a fatar sama kawai suke, shafa biyu da man goge ƙarfe sun tafi kuma ba mai dawo maka da su, garin neman gira a rasa ido. Tsatsar tsinin in ja ce mai gari ka ɗiga mata man keken ɗinki ka bari ya jiƙa sannan ka share da tsumma mai laushi, baƙin tabon da zai rage ka ƙyale shi. Bayan nan ka share man ka shafa kaki siriri, masu gidajen tarihi Renaissance Wax suke amfani da shi. Kar ka riƙa taɓa ruwan da hannu ba safa, gumin yatsa yana cin ƙarfe, kuma kar a ajiye shi cikin kuben don tsohuwar fata tana jan danshi, a kwantar da su gefe da gefe a inda ba laima ba zafin hita.

Mariƙin kuma sai ka tantance ƙashi ne ko haure, don da yawa da ake cewa haure ƙashin saniya ne. Ƙashi in ka ƙura masa ido za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ne da datti ya cika. Hauren giwa ba shi da su, sumul yake, a inda aka yanka shi a kwance kuma za ka ga wasu siraran layuka sun gitta juna. Wannan ba maganar farashi kaɗai ba ce, maganar doka ce. Tun 2016 hukumar kula da namun daji ta tarayya ta kusan hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin jiha da jiha gaba ɗaya, akwai rangwame ga kayan da suka haura shekara 100 amma mai sayarwa shi zai kawo hujjar shekarun, kuma ba a yi masa gyara da sabon haure bayan 1973 ba. Jihohi kamar New York da New Jersey da California kuma suna da nasu dokokin da suka fi na tarayya tsanani, fitar da shi ƙasar waje kuwa sai da takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Don haka in haure ne ka sa mai ƙiyasin ya rubuta shekarunsa da irin kayan a takarda ya sa hannu, ka kuma karɓi rasit daga hannun dangin da sunan tsohuwar a kai.